Funkaso a Kan Farantan Mama

Na manta abubuwa da yawa a zamana na London, har lambar gidan da na fara sauka a Barking ta ɓace mini. Amma ranar da aka miƙo mini funkaso a gidan suna, na dubi farantin da yake kai na gane shi, wannan ranar ba za ta bar raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun wuce, duk da haka yanzu da nake rubutawa sai na dakata na sha ruwa, domin ɓacin ran bai tsufa ba ko kaɗan.

A lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wadda aka ba ni wata tsohuwa ce Bayahudiya a wajen Ilford, ta haura tamanin da nisa, mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tilo tana aure a Manchester. Mama nake ce mata, domin bakina ba zai iya kiran sa'ar kakata da sunanta gatsau ba. Ranar farko ta ce ita ba ta haife ni ba. Na ce na sani, na ci gaba da kira, har ta gaji ta fara amsawa. Kada mai karatu ya ɗauka wata waliyya nake ba shi labari. Mace ce mai faɗa da ƙorafi. Shayi in ya yi zafi laifi ne, in ya huce laifi ne, in ka yi shiru ta ce kana fushi, in ka yi magana ta ce ka cika surutu. Ni ma ba a baya nake ba wajen baki, shi ya sa muka daidaita.

Na shiga gidan ban san komai game da Yahudawa ba sai abin da ake ji a labarai. Kicin ɗinta ne makarantata ta farko. Tukwanen nama daban, na madara daban, cokula daban, har soson wanke-wanke kowanne da launinsa, domin a addininsu nama da madara ba sa haɗuwa. Da tsawa ta koya mini, na kuwa koya. Daga baya na lura gidan yana tafiya ne a kan shekara kamar yadda gidan mahaifiyata yake tafiya daga azumi zuwa Sallah zuwa layya. Kowace Juma'a kafin rana ta faɗi za ta kunna kyandir biyu, ta rufe ido da tafukanta, daga nan ba ta taɓa makunnin wuta ko waya sai Asabar ta wuce. Farkon kaka suna sabuwar shekara, a tsoma tuffa a zuma, a busa ƙahon rago a wurin ibadarsu. Ta ce ragon Annabi Ibrahim suke tunawa. Muka yi musu a kan wane ɗa aka kai yanka, ba wanda ya sauko, muka sha shayi. Bayan nan sai babban azuminsu, sai idin da samarin unguwa suke zuwa su kafa mata rumfa a bayan gida su rufa da ganye, ta zauna ciki da bargo tana tsine wa ruwan saman London. Tsakiyar sanyi kuma kyandir ne a taga, kullum a ƙara ɗaya. Ban taɓa jin imanina ya girgiza ba. Abin da na ji shi ne kunya, ganin tsohuwar da ba ta iya ɗaura takalminta ba ta taɓa cewa ta gaji da ibada ba.

Amma duk shekara babu abin da take jira kamar Idin Ƙetarewa, wanda suke kira Pesak, tunawa da fitar Annabi Musa da mutanensa daga hannun Fir'auna. Kwana takwas ba a cin burodi ko wani abin alkama da ya kumbura, ba a ma barin ɓurɓushinsa a gida. Makonni muke yi muna shara, aljihun riga ma sai an zazzage. Kuma ba a ci a kwanukan kullum. Akwai farantan da ba su taɓa ganin burodi ba, ana fito da su kwana takwas ɗin nan kawai, a mayar.

Na Mama farantan tangaran ne farare masu bakin shuɗi da 'yan furanni, suna cikin kwali a ƙaramin ɗakin ajiya na ƙarƙashin matattakalar bene, kowanne naɗe da tsumma. Na mahaifiyarta ne. Da su matar ta hau jirgin ruwa ta gudo ƙasar nan, dangin da ta baro kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A Whitechapel Mama ta girma, 'yan layuka kaɗan daga inda muke sallar Juma'a yanzu, kuma tun tana yarinya a farantan nan take cin abincin idi. Ɗaya yana da ɗan ɓantare a baki kamar ƙwayar shinkafa, ƙanenta ne ya yi shi yana yaro, ya sha duka, ya girma, ya mutu. Duk shekara in na kwance tsumman wannan sai ta karɓa ta shafa wurin da yatsa, ta ce, "Ga ɓarnar shashasha nan."

Ranar Lahadi ce hutuna, to akwai wata yarinya 'yar unguwarmu ta Kano, ƙanwa take a wajena, wadda ta zo da bizar aikin kula da tsofaffi. Ni na yi mata magana a kamfanin da muke yi wa aiki aka ba ta Lahadin Mama. Na zaunar da ita na yi mata bayanin kicin, na nuna mata kwalin na ce wannan ba a taɓa shi. Ta ce, "To, Anti," tana latsa waya.

Saura 'yan makonni Idin Ƙetarewa, matar wan yarinyar nan ta haihu a Barking. An raɗa suna tun tsakiyar mako, amma taro sai Asabar, kamar yadda muke yi a nan saboda aiki. Na ci kwalliyata na tafi da yamma. Falo ya cika da mata, turare da hayaniya, yara suna ta tsalle a bene suna amsa wa iyayensu da Turanci. Talakawan baƙi ana zuba musu a farantin roba, mu da aka ɗauka manya aka shigar da mu ɗakin ciki. Sai ga yarinyar nan ta shigo da tire tana murmushi.

"Anti, ga naki, mai zafi na zaɓo miki."

Funkaso ne guda biyu, an malala masa miyar taushe da naman rago, tururi yana tashi. Na kai hannu ke nan sai idona ya faɗa kan bakin farantin. Shuɗi, da 'yan furanni. Na juya shi a hankali, ga ɓantaren nan kamar ƙwayar shinkafa. Na ɗaga kai na ga kowace mace a ɗakin tana riƙe da irinsa a cinya, wata tana ƙwaƙular alkubus, wata ta ɗora kofin fura da nono a gefen namanta. Alkama mai yisti, da zafinta, da nama, da nono, duk abin da aka tsare farantan nan daga gare shi tun kafin a haifi ubana, an haɗa musu shi a yamma ɗaya.

Na ja ta kicin na rufe ƙofa.

"Ina kika samo farantan nan?"

"Au, kin gane su? Na gidan tsohuwar nan ne. Aro na yi. Gobe ina da shift, zan mayar tana barcin rana."

"Kin tambaye ta?"

"Tambayar me, Anti? Suna cikin store shekara guda ba wanda ya taɓa su. Ni fa ba sata na yi ba. Ko ɗaya bai fashe ba. Zan wanke su tas, har bleach zan sa in kina so."

Ta faɗa ne ko a jikinta, tana gyara ɗaurin kallabi. Na san inda tunanin ya fito. A gida in za a yi biki ana aron kwanuka da tabarmi a maƙwabta, ba abin kunya ba ne, kuma mace in ta ga kaya masu kyau a rufe sai ta ga kamar asara ce. Amma ko a Kano, wace marar kunya ce za ta shiga ɗakin wata tana barci ta sauke mata kwanukan jere? Aro da tambaya yake. Abin da ba a tambaya ba sunansa daban, kuma na faɗa mata sunan, da ƙarfi, har aka ji a falo.

Sai ga Hajiya ta turo ƙofa, babba a ƙungiyarmu ta matan Hausawa, wadda duk wata rigima a gabanta ake kashe ta.

"Ke, rage murya, gidan mutane ne. Me ya faru?"

Na yi mata bayani. Na ce farantan nan na ibada ne, a wurinsu tangaran in ya sha abinci mai zafi wanki ba ya tsarkake shi. Ta saurare ni tana sakace haƙori.

"An fasa?"

"Ba a fasa ba, Hajiya."

"To me ya ɓaci? A wanke a mayar, wa zai gaya mata? Ki rufa wa yarinya asiri, visa ɗinta a hannun agency yake. In suka yi report an gama da ita." Sai ta juya ga matan da suka taru a bakin ƙofa ta ce, "Kuma ma abincinmu halal ne, ai tsarki ya ƙara musu."

Aka yi dariya. Wannan dariyar ita ce har yau nake ji a kunnena. Hajiya ta ga ban yi ba, sai ta matso ta rage murya.

"Bayahudiya ce fa. A kan Bayahudiya za ki tona wa 'yar'uwarki Musulma asiri?"

A nan ne idona ya rufe. Wannan Hajiyar ita ce ta jefar da sabuwar tukunyarta a shara saboda wani ɗan haya ya soya naman alade a ciki, ta yi mako tana ba mu labari da hawaye, muna tausaya mata. Ita ce ta tara mu muka tafi makarantar jikanta muka tayar da hankali saboda an ba yaro alewa mai kitsen alade. Mu ne kullum cikin juya kwalin abinci a kanti muna karanta abin da ke ciki, mu ne masu neman ɗakin salla a wajen aiki, mu ne masu kukan ba a girmama addininmu a ƙasar nan. Amma da aka zo kan na wani, sai ya zama abin dariya a gidan suna.

Na ce, "Hajiya, tukunyarki da kika zubar, ba a iya wanke ta ba ne?"

Ta ce ba ni da kunya. Wataƙila ba ni da ita a ranar. Na fita na shiga ɗakin manyan baƙi, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karɓar faranti daga cinyarsu, ina juye abincin a na roba ina miƙa musu. Wata matar likita ta riƙe nata da loma a baki, na ce ta yi haƙuri ta saki. Na wanke su da hannuna, na naɗe kowanne, na ce wa yarinyar gobe kada ta taka gidan, ni zan je. Na fita da kwali a ƙirji, ba wadda ta ce mini sai an jima.

Washegari da safe a cikin bas, kwalin yana kan cinyata, shaiɗan ya zauna kusa da ni ya yi magana mai daɗi. Farantan nan suna ƙyalli. Mama ba ta shiga ɗakin ajiya. In na mayar na yi shiru, za ta ci idinta da farin ciki, yarinya ta tsira da aikinta, ni ma in tsira da mutuncina a cikin mutanena. A fiƙihunmu ma ai wanki ya wadatar. Amma ba fiƙihunmu ake ci da shi a teburin nan ba. Ba ni ce zan yanke wa baiwar Allah hukuncin addininta a ɓoye, in tsaya ina kallo tana sa albarka a kan abin da ta haramta wa kanta tun tana yarinya. Da ni aka yi wa haka da naman alade, aka yi shiru don kada raina ya ɓaci, da na fi jin zafin shirun a kan naman.

Na same ta a kujerarta ta kicin. Na ajiye kwalin a tebur na faɗa mata komai, ban rage ba. Ba ta yi ihu ba da farko. Tambaya ta shiga yi, a hankali, kamar likita.

"Me aka ci?"

Na kwatanta mata funkaso.

"Da alkama? An bar shi ya kumbura?"

"Eh, Mama."

"Da zafi aka zuba?"

"Da zafi."

"Duka farantan?"

"Duka."

Ta buɗe kwalin, ta lalubo mai ɓantaren, ta riƙe shi ta daɗe. Sannan ta ɗago ta dube ni da idon da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Ke kika kawo ta gidana. Fita daga kicin ɗina."

Na fita na tsaya a bakin bene. Ina jin ta tana magana da wani yare da ban sani ba, irin wanda take yi in ta yi mafarkin mahaifiyarta, tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Kwanaki ta yi ba ta ce mini komai sai "magani" da "banɗaki". Ban ga laifinta ba.

Malaminsu ya zo, wani dattijo mai sanyin murya, ya zauna ya juya farantin a hannunsa. Ya ce da ƙarfe ne da an tafasa shi ya koma, amma tangaran abin da ya sha ya sha. Da ya ga fuskarta sai ya ce akwai malaman da suke sassautawa in asarar ta yi girma: a ajiye su shekara guda cur ba a ci komai a ciki ba, in ta cika a sake tambaya, ya ga abin da zai iya. Mama ta yi wata 'yar dariya.

"Shekara. Malam, ka san shekaruna kuwa?"

'Yarta ta taso daga Manchester a fusace, ta ce sai 'yan sanda, sai an kori yarinyar. Gaskiya a ranar da an tambaye ni da na ba da lambar gidansu. Mama ce ta hana. Ta ce mahaifiyarta da takarda ɗaya ta shigo ƙasar nan, tana kwana da ita a cikin riga, ta san abin da takarda take nufi ga baƙo. A gaya wa kamfani jininsu ne bai haɗu ba, a canza mata gida. "Kada dai in sake ganin ƙafarta a nan." Haka aka yi. Wadda aka ce kada in tona asiri a kanta saboda Bayahudiya ce, ita ce ta rufa asirin.

Idin ya zo. 'Yarta ta sayo sababbin farantai farare, ba ko ɗigon shuɗi. Na shirya teburin da la'asar kafin baƙi su iso, Mama tana zaune tana kallo. Kullum a wannan ranar bakinta ba ya rufuwa, nan wurin babanta ne, can na shashashan ƙanenta, kada in kuskura in sa cokali a hagu. Ranar ba ta gyara mini komai ba. Da zan tafi ta ce, "Teburin kamar na asibiti." Na yi kuka a tashar bas, mutane suna kallona.

A ɓangaren mutanena kuwa, labari ya zagaya cewa na sayar da 'yar'uwata don in burge Yahudawa. An cire ni daga zauren mata na waya. A masallaci gaisuwa ta koma ta fatar baki. Yarinyar tana nan da aikinta da bizarta, tana yawo tana cewa na ci mata mutunci a gaban baƙi. Ba wadda ta taɓa tambayata yaya tsohuwar take.

Da kaka ta kama aka yi sabuwar shekararsu, sai kwanakin da ke tsakaninta da babban azumin da suke kira Yom Kippur. A kwanakin nan Mama takan ɗauki waya ta bi mutane tana neman gafara, har maƙwabciyar da suka yi shekaru suna rigima a kan kwandon shara. Wata safiya ina taje mata gashi ta kama hannuna.

"Na yi miki tsawa a kan laifin da ba naki ba. Ki yafe mini."

Ta yi mini bayani cewa a wurinsu azumin nan yana kankare abin da ke tsakanin mutum da Ubangiji, amma abin da ke tsakanin mutum da mutum sai an je an roƙi mai shi. Na ce Mama, ai mu ma haka ne, haƙƙi muke ce masa, ko aikin hajji ba ya ɗauke shi. Ta gyaɗa kai.

"To yarinyar nan fa? In ta zo ta nema, dole in yafe, ba ni da zaɓi. Kuma ina so in yafe, na gaji da ɗaukarta a ƙirji. Ki gaya mata ƙofata a buɗe take har jajiberin azumi."

Na haɗiye fushina na neme ta. Bayan sallar Juma'a na tare ta a bakin kasuwar Whitechapel tana zaɓen kuɓewa. Na ce ba kuɗi ake nema ba, ba takarda za ta sa wa hannu ba, kalma ɗaya ce, ni zan raka ta.

Ta ce, "Anti, har yanzu maganar farantin nan? Ni wallahi na ma manta. In je in ce sorry a kan abin da ba a fasa ba? Ke ce dai kika ɗauki abin da zafi."

Na ce, "Tsohuwa ce, ba ta da lokaci."

"To Allah ya ba ta lafiya," in ji ta, ta juya tana tambayar mai kuɓewa nawa ne kwano.

Ban iya gaya wa Mama ba. Na ce dai na isar da saƙo. Ranar jajiberi ta sa na fito mata da farar rigarta tun da hantsi, ta sa na yanka kek ɗin zuma na ajiye faranti biyu. Duk motar da ta tsaya a layin sai ta ɗaga kai. Da rana ta yi sanyi, lokacin cin abincin ƙarshe kafin azumi ya yi, ta ce, "Ɗauke ɗayan." Daga nan ba ta sake ambatarta ba.

Aka yi rumfa aka kwance. Sanyi ya shigo, aka fara jera kyandir a taga, hannunta ya daina iya riƙe ashana sai in riƙe mata hannun ta kunna. Ta sa na dawo da kwalin kusa da kujerarta. Wani lokaci sai in tarar ta ɗora tafinta a kai tana lissafi da yatsu. Rannan ta ce mini, "Saura kaɗan. In malam ya ƙi, zan yi masa kuka har ya yarda." Muka yi dariya.

Ba ta kai ba. Ciwon ƙirji ya kama ta bayan idin kyandir, ta rasu a asibiti da safe, hannunta a cikin na 'yarta. Washegari aka binne ta, cikin farin ƙyalle da akwati marar ado, da sauri kamar yadda muke yi. Na je zaman makoki, an rufe madubai, 'yarta tana zaune a 'yar gajeriyar kujera. Shekarar da malam ya ce a jira ta cika ne Mama tana da makonni a kabari. Ba wanda ya sake tambaya.

Da aka zo kwashe gidan, 'yarta ta kira ni ta miƙo mini wani abu naɗe da tsumma. Ta ce Mama ce ta bar wasiyya a ba ni. Tun kafin in kwance na ji ɓantaren a yatsana. Yana nan a kwabata ta gilashi, kusa da kwanon jeren mahaifiyata, ba a ci a cikinsa kuma ba za a ci ba.

Bara da Sallah yarinyar ta zo gidana cikin ayarin masu gaisuwa. Yanzu ita ma Hajiya ce, ta je Makka ta dawo da haƙori. Ta tsaya gaban kwabar tana kallo, na ce a raina yau dai Allah ya taɓa zuciyarta. Sai ta juyo tana murmushi.

"Anti, wannan farantin ya yi kyau. Ina kika saya?"

Na juya na shiga kicin, na buɗe famfo na wanke fuskata.

Abin da na koya, kuma da tsada na koye shi, shi ne haƙƙi ba ya tambayar addinin mai shi. Abin da kake gani kwano ne kawai a cikin kwali, wataƙila shi ne duk abin da ya rage wa wani na uwarsa da ibadarsa. In kana son a girmama tukunyarka, ka girmama ta maƙwabcinka, ko da ba ka gane dalilinsa ba. In kuma ka riga ka ɓata, ka je ka roƙi gafara tun mai ita tana zaune tana jiran ƙarar ƙofa. Ita yarinyar ta manta. Amma ni na yi imani akwai ranar da za a tuna mata, kuma a ranar ba za a rufa mata asiri ba sai in Mama ta ga dama.